Jitar Bas da Na'urar Daidaita Amo: Wace Iri Ta Dace?

A cikin kayan kiɗan zamani, jitar bas ce mai kaurin murya, kuma a kanta sauran kayan kiɗa ke jingina. Wani Ba'amurke mai suna Leo Fender ne ya fito da irin da ta yaɗu a duniya, a shekarar 1951. Tun wancan lokaci makaɗanta ke fama da matsala guda, wato rashin daidaiton ƙarfin amo. Duk wanda ya taɓa sauraron gurmi ko garaya ya san cewa tsirkiya takan fara da ƙara mai ƙarfi a lokacin da aka kaɗa ta, sa'an nan amon ya riƙa dusashewa. Haka abin yake ga jitar bas. Wani bugun ya danne muryar mawaƙi, wani kuma ya ɓace a cikin ganguna. Don magance wannan ne ake amfani da na'urar daidaita amo, wadda masu sana'ar ke kira kwamfiresa. Irinta na da yawa a kasuwa, kuma wanda ya sayi wadda ba ta dace ba ya yi asarar kuɗi, ya kuma dagula kiɗan 'yan ƙungiyarsa baki ɗaya.

Yadda Na'urar Ke Aiki

A ƙaddara mutum ne zaune kusa da rediyo, hannunsa a kan maɓallin murya. Da ya ji ƙara ta yi yawa sai ya rage, da ta lafa sai ya mayar. Aikin kwamfiresa ke nan, sai dai ita tana yinsa da saurin da hannun ɗan Adam ba zai iya ba. Gidajen rediyo ne suka fara amfani da ita tun a shekarun 1930, domin kada ƙara mai yawa ta fi ƙarfin na'urar watsa shirye-shirye.

Ana auna ƙarfin amo da ma'aunin desibel. Abu na farko da ake saita wa na'urar shi ne iyaka: duk amon da bai kai ta ba zai wuce salin alin. Na biyu shi ne gwargwadon matsi. Alal misali, idan aka saita shi a kan 4 bisa 1, amon da ya ɗara iyaka da desibel 12 zai fito ya ɗara ta da desibel 3 kacal. Na uku saurin kamu, wato lokacin da na'urar ke ɗauka kafin ta danne amon da ya wuce iyaka. Na huɗu saurin saki, lokacin da take ɗauka kafin ta ɗaga hannunta. Daga ƙarshe akwai ciko, wanda ke ɗaga amon gaba ɗaya bayan an danne shi. Ta haka bugu mai rauni ke fitowa fili, amon tsirkiya kuma ya daɗe kafin ya mutu.

Sirrin Yana Cikin Lokaci

Abin da ya sa jitar bas ta fi sauran kayan kiɗa wuyar sha'ani shi ne nawar karkarwar tsirkiyoyinta. Mafi kauri daga cikin tsirkiyoyi huɗun takan yi kai da komo kusan sau 41 a sakan ɗaya, mafi siriri kuma sau 98. Idan aka raba sakan gida 1,000, kowane kashi sunansa milisakan. Ɗalibi na iya yin lissafin da kansa: 1,000 a raba da 41 zai ba da kusan 24. Ke nan zagaye guda na karkarwar babbar tsirkiya na cin milisakan 24. Jita mai tsirkiya biyar kuwa tana sauka har zuwa sau 31 a sakan, wato milisakan 32.

Idan kamu da saki suka fi wannan zagaye sauri, na'urar takan ɗauki kowane tashi da faɗuwa na igiyar amon a matsayin sabon bugu. Sai ta riƙa dannewa tana saki a cikin zagaye guda, siffar igiyar ta lalace, kunne ya ji kaushi irin na lasifikar da ta tsage. Idan kuma saki ya yi nawa da yawa, sabon bugu zai iso tun na'urar ba ta saki na baya ba, kiɗan ya fito ba rai. Kiɗa mai bugu 120 a minti yana da tazarar milisakan 500 tsakanin bugu da bugu, idan kuwa makaɗi na sa amo biyu a kowane bugu, tazarar ta koma 250. Saboda haka saki mai kyau ga irin wannan kiɗa yana tsakanin iyakoki biyu: ya ninka milisakan 24 sau da yawa, amma kada ya wuce 250.

Manyan Iri Huɗu

Iri na farko shi ne mai aiki da haske. A cikinsa akwai ƙaramar fitila da ke ƙara haske gwargwadon ƙarfin amo, tana fuskantar wani abu mai jin haske wanda shi ke rage amon. Shahararriya a wannan gida ita ce LA-2A ta kamfanin Teletronix, wadda ta fito a shekarun 1960. Kamunta na cin kimanin milisakan 10, sakinta kuma kashi biyu ne: rabin farko cikin hanzari, sauran a hankali. Wannan nawa ta ɗabi'a ta sa ta dace da kiɗa mai taushi da dogon amo, kuma manyan maɓallanta biyu ne tak. Rauninta shi ne bugu mai kaifi kan wuce kafin ta farga.

Na biyu yana aiki da wata irin tiranzista da ake kira FET. Bill Putnam ya fito da samfurin 1176 a shekarar 1967. Kamunta na farawa daga kashi 20 cikin miliyan na sakan, wato ya fi zagayen babbar tsirkiya sauri fiye da sau dubu. Tana da amfani ga masu marin tsirkiya da babban yatsa, salon da Larry Graham ya yi fice da shi a ƙarshen shekarun 1960, domin irin wannan bugu kan zo da ƙara mai kaifi. Amma in an matsa mata da saki mai sauri sai kaushi ya shigo. Wasu makaɗa na neman wannan kaushi da gangan, wasu kuma ba sa ƙaunarsa.

Na uku shi ne VCA, inda ƙarfin lantarki ke sarrafa amo bisa lissafi madaidaici. Kamfanin dbx, wanda David Blackmer ya kafa a 1971, ya yi suna da samfurin 160. Wannan iri bai cika sauya launin amo ba, kuma samfuransa da yawa na ba makaɗi damar saita kowane abu da kansa. Sai dai yawan maɓallai na nufin yawan hanyoyin kuskure ga ɗan koyo.

Na huɗu shi ne mai kwalaben lantarki irin na tsofaffin rediyo. Fairchild 670 ta ƙarshen shekarun 1950 na ɗauke da kwalabe 20, nauyinta ya kusa kilo 30. Amonta na da daɗi, amma tsada da nauyi sun sa ba ta fita daga ɗakin naɗar sauti. A yau ana samun kwaikwayon waɗannan iri huɗu a manhajojin kwamfuta, ana kuma ƙera ƙananan akwatuna da makaɗi ke takawa da ƙafa, mafi yawansu masu aiki da lantarki bolt 9.

Abin Dubawa Kafin Saye

Da farko a tabbata an ƙera na'urar domin bas, don wasu da aka yi wa jita mai siririyar murya sukan zubar da kaurin amo. Sai a duba ko tana da fitilu ko allura mai nuna desibel nawa take dannewa, domin wanda ba ya ganin wannan yana aiki ne a cikin duhu. Yana da kyau kuma a sami maɓallin gauraya, wanda ke haɗa amon asali da wanda aka danne, ta yadda kaifin bugu ba zai ɓace ba. Akwai kuma masu raba amo gida biyu ko uku, su danne kauri daban, siriri daban, don kada babbar tsirkiya ta ja sauran amon ƙasa. Bugu da ƙari a saurari na'urar a lokacin da jita ke shiru: cikon desibel 10 zai ɗaga hayaniyar waya da desibel 10 shi ma.

Wajen gwada biyu ko uku, lalle a daidaita ƙarfin amonsu tukuna. Tun a 1933 Fletcher da Munson, masu bincike a Amurka, suka nuna cewa kunne bai cika jin amo mai kauri ba in ƙarfinsa kaɗan ne. Don haka na'urar da ta ɗan fi ƙara takan zama kamar ta fi kauri da daɗi, alhali kunne ne ya ruɗu.

Malamin kimiyya na iya nuna duk wannan a aji ba tare da jita ba. Manhajar Audacity kyauta ce, kuma tana iya samar da amo mai karkarwa sau 41 a sakan. A sa masa kwamfiresa mai saurin kamu da saki, a faɗaɗa hoton igiyar, a kwatanta shi da na asali, sa'an nan a tsawaita sakin a sake dubawa. Ɗaliban da suka ga yadda siffar igiyar ke sauyawa za su gane dalilin da ya sa masu sana'ar ke fara tambayar sauri kafin su tambayi farashi.