Hong Kong: Kewar Bature da Shekarun da Ake Tsallakewa

A watan Satumban 2022, da Sarauniya Elizabeth ta rasu, layin masu ta'aziyya a ƙofar ƙaramin ofishin jakadancin Birtaniya da ke Hong Kong ya miƙe har ya sha kwana. Mutane sun yi sa'o'i a tsaye cikin rana da furanni a hannu, jaridun Landan kuwa suka yi ta baza hotunan kamar an wanke su daga wani tsohon zargi. Wata uku kafin nan an ji cewa sababbin littattafan sakandare na birnin za su koya wa yara cewa Hong Kong bai taɓa zama mallakin Birtaniya ba, mamaya ce kawai aka yi, ikon ƙasa bai taɓa barin hannun Sin ba. Wasu na kewar Bature, wasu na goge sawunsa, kuma kowane ɓangare ya tsinci abin da ya yi masa daɗi a cikin shekara 156 ya bar saura. Mulkin da matasan birnin ke kewa, har suka rataya tutarsa a zauren majalisa ranar 1 ga Yulin 2019, bai fi shekara ashirin da biyar na ƙarshe ba. Shi ma ba halin kirki ya haife shi ba, kunyar faɗawa hannun Japan a 1941 ce da tsoron da ya biyo bayan tarzomar 1967.

Tsohon Hong Kong wani wuri ne daban. Opiyam ne ya kafa shi: saboda cinikin wannan ƙwaya aka yi yaƙin da ya sa Turawa suka kafa tuta a tsibirin a Janairun 1841, kuma harajinta ya daɗe yana cikin manyan hanyoyin shigar kuɗin gwamnati, ba a haramta ta ba sai 1945. Har zuwa 1897 Basine ba ya fita da dare sai da takardar izini, an kuma daɗe ana tilasta masa riƙe fitila don a gan shi tun daga nesa. Dokar 1904 ta keɓe unguwar kan dutse, inda iska ke kaɗawa, ga Turawa. Basine na iya kwana a can idan shi kuku ne ko mai ɗaukar kujerar maigida, ba dai ya kama gida ba. Hausawa ma sun san ɗaya daga cikin gwamnonin wancan zamani. Lugga, bayan ya gama da Kano da Sakkwato, can aka tura shi daga 1907 zuwa 1912. Shi ya tsaya aka kafa Jami'ar Hong Kong, shi ne kuma ya ja da Landan a kan rufe gidajen shan opiyam saboda giɓin da hakan zai yi wa baitulmali. Titin da aka sa wa sunansa yana nan yana zagaye dutsen, masu yawon buɗe ido na ɗaukar hoto a kai.

Wannan tsarin ne Japanawa suka rusa cikin kwana 18.

Landan ta san abin da zai faru. Tun Janairun 1941 Firaminista Churchill ya rubuta cewa babu wata dama ta riƙe birnin ko kai masa ɗauki idan Japan ta kawo hari. A tsakiyar 1940 an riga an kwashe mata da yaran Turawa zuwa Ostireliya, kuma a hanya, a Manila, aka tace waɗanda jininsu ya gauraya da na Asiya aka mayar da su. Sinawa fiye da miliyan ɗaya da rabi suna kallo. Gwamnatin da ta yi shekara ɗari ba ta yarda da su ba, ba ta iya ɗaure zuciya ta ba su bindiga da yawa ba ko da wuta ta iso gemu. Sojan da suka tsaya kusan 14,000 ne: Turawan Ingila, Indiyawa, 'yan sa-kai na gari, da 'yan Kanada kusan dubu biyu da aka sauke makonni uku kafin harin, yawancinsu ba su taɓa jin ƙarar harsashin abokin gaba ba. An fara ranar 8 ga Disamba. Layin tsaron da aka yi zaton zai riƙe mako guda ko fiye ya karye cikin kwana biyu. Ranar Kirsimeti da safe sojan Japan suka shiga kwalejin St. Stephen, wadda aka mayar asibiti, suka soke majinyata a kan gadajensu, suka yi wa ma'aikatan jinya fyaɗe suka kashe wasunsu. Da yamma Gwamna Mark Young ya miƙa wuya a otal ɗin Peninsula.

Tsofaffin birnin ba sa kiran abin da ya biyo baya da wani dogon suna, "shekara uku da wata takwas" kawai suke cewa. An tilasta wa mutane canza dalarsu da kuɗin soja na Japan, da farko dala biyu a yen ɗaya, daga baya huɗu a ɗaya, a 1943 kuma aka haramta dalar baki ɗaya. Da yaƙi ya ƙare takardun nan suka zama shara, har yau akwai gidajen da ke ajiye da su, kotunan Japan sun ƙi biyan diyya. Rabon shinkafa bai kai rubu'in kilo ba ga mutum a rana, daga baya shi ma aka daina. Da masu mamaya suka ga ba za su iya ciyar da jama'a ba, sai suka shiga kora: ana kama mutane a titi a loda su a kwale-kwale a tura su cikin Sin, wasu a watsar da su a tsibiran da ba kowa. An sauya wa tituna suna, an rushe ganuwar tsohon garin Kowloon aka faɗaɗa filin jirgin sama na Kai Tak da duwatsunta, an kwashe mutum-mutumin Sarauniya Victoria da zakuna biyu na tagulla da ke gadin ƙofar bankin HSBC zuwa Japan don a narkar. Zakunan sun tsira, an dawo da su, kuma wanda ya matsa kusa zai ga ramukan ɓaraguzan bam a jikinsu. Mutane ba su yi irin wannan sa'ar ba. Birnin da ke da mutum miliyan 1.6 a 1941 ya koma kusan dubu ɗari shida a Agustan 1945.

Wannan adadin shi ne mabuɗin kewar da ake gani yau, kuma shi ne masu sharhi suka fi tsallakewa. Yaƙi ya tarwatsa jama'ar da ta san zamanin fitila da dokar kan dutse. Da yawa sun dawo, amma ba a jima ba igiyar 'yan gudun hijira ta rufe su: masu tsere wa yaƙin basasar Sin, masu tsere wa nasarar kwaminisanci a 1949, masu tsere wa yunwar farkon shekarun 1960, har da samarin da suka riƙa iyo cikin dare suna ƙetare teku a zamanin Juyin Al'adu na Mao. Ƙidayar 1961 ta samu mutum sama da miliyan uku. Waɗannan ba da tsohon mulkin mallaka suke auna Bature ba, da abin da suka baro suke auna shi. Wanda ya tsere wa gobara ba ya tambayar ko ɗakin da aka ba shi yana yoyo. Labarin da jikokinsu suka ji a gida ke nan.

Turawan ma sun dawo da sanyin jiki. Shugaban Sin na lokacin, Chiang Kai-shek, ya so a miƙa masa birnin, shugaban Amurka Roosevelt kafin rasuwarsa ya nuna goyon baya ga mayar da shi, don haka sai da Birtaniya ta yi gaggawar turo jiragen yaƙi ƙarƙashin Cecil Harcourt, suka iso ranar 30 ga Agustan 1945. A 1946 aka soke dokar kan dutse. Mark Young, wanda ya sha ɗauri a hannun Japanawa, ya koma kujerarsa da shirin ba mutanen gari majalisar da za su zaɓi yawancin wakilanta. Manyan 'yan kasuwa, Turawa da Sinawa, ba su so ba, magajinsa Alexander Grantham bai so ba, a 1952 aka binne shirin. Da an yi zaɓen nan, da zancen Hong Kong na yau ya sha bamban.

Abin da ya rage sai gyara bayan ɓarna. Gobarar Shek Kip Mei ta daren Kirsimetin 1953 ta bar mutum 53,000 ba matsuguni, sannan gwamnati ta fara gina gidajen talakawa. Tarzomar 1967 ta ci rai 51, sannan aka fara sauraron ƙorafin unguwanni. Sai da wani babban ɗan sanda Bature, Peter Godber, ya sulale ya bar gari a 1973 ana cikin binciken dukiyarsa, jama'a suka fito zanga-zanga, kafin a kafa hukumar yaƙi da cin hanci ta ICAC a 1974. A shekarar ce kuma Sinanci ya zama harshen hukuma, bayan shekara 133. Zamanin Gwamna Murray MacLehose, 1971 zuwa 1982, shi ne zinariyar da ake tunawa: ilimi kyauta na shekara tara, sababbin garuruwa, jirgin ƙarƙashin ƙasa. MacLehose ɗan diflomasiyya ne, ya san hayar yankin New Territories ta shekara 99 za ta ƙare a 1997, yana son ya je teburin ciniki da Sin yana riƙe da birnin da jama'arsa ke tare da gwamnati. Zaɓen kai tsaye na 'yan majalisa kuwa sai 1991, kujeru 18 cikin 60, saura shekara shida a tafi.

Masu kare Birtaniya suna da abin faɗa, ba za a hana su ba. Kotuna sun yi aiki, jarida ta zagi gwamna ta kwana lafiya, ɗan gudun hijirar da ya iso da riga ɗaya ya ga ɗansa ya zama likita. Mai shekara hamsin da ya kwatanta 1995 da 2021, shekarar da aka rufe jaridar Apple Daily, ba mafarki yake yi ba idan ya ce an yi baya. Sai dai 'yancin nan aro ne, yana tsaye ne a kan haƙurin gwamnan da ba wanda ya zaɓa. Ita kuma Beijing tana da gaskiya cewa da bakin igwa aka karɓi yarjejeniyoyin 1842 da 1860, kuma tun 1972 ta sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire birnin daga jerin yankunan mulkin mallaka. Amma tarihin yaƙin da take tallatawa yanzu, wanda ya ɗaukaka mayaƙan sunƙuru na kwaminis na rundunar Kogin Gabas, ya rage wa Indiyawa da 'yan Kanada da 'yan sa-kan da suka mutu a Disamban 1941 wuri.

Illar kewar ita ce ta rufe ido ga kayan aikin da Bature ya bari a aljihun tebur. Dokar ta-ɓaci da shugabar gwamnatin birnin ta lokacin, Carrie Lam, ta ɗauko a Oktoban 2019 ta hana masu zanga-zanga rufe fuska, Turawa ne suka yi ta a 1922 don karya yajin aikin ma'aikatan jiragen ruwa. Dokar tunzura jama'a da aka ɗaure wasu ma'aikatan lafiya biyar da ita a 2022, wata 19 kowannensu, saboda littattafan yara masu labarin tumaki da kyarkeci, ita ma gadon Turawa ce. Sun yi shekaru da dama suna da ikon soke waɗannan dokoki, ba su soke ba.

Sauran illar ana ganinta a filin jirgi. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1981 ta tabbatar da rufe ƙofar Ingila ga talakawan Sarauniya na Hong Kong, kuma bayan kisan masu zanga-zanga a dandalin Tiananmen na Beijing, da tsoro ya kama gari, iyalai 50,000 kawai aka zaɓa aka ba cikakken fasfo a ƙarƙashin dokar 1990, alhali Fotugal ta bar wa ɗimbin mutanen Macau nata. Sai a Janairun 2021 Landan ta buɗe hanyar biza ta musamman, kuma fiye da mutum dubu ɗari sun bi ta, cikinsu har da malaman makaranta da ma'aikatan jinya da birnin ke kukan rashinsu. Da kuɗinsu suke biyan bizar da harajin asibiti, kuma sai sun yi shekara biyar, su ƙara ɗaya, kafin su nemi zama 'yan ƙasa.