Marsai: bashin da ke bin gida duk inda ya shiga hannu

Ranar Litinin 5 ga watan Nuwamba 2018, wajen ƙarfe 9 na safe, gidaje biyu masu lamba 63 da 65 suka rushe a titin Aubagne, cikin tsakiyar birnin Marsai na ƙasar Faransa. Mutum 8 suka rasu a gida mai lamba 65. Bayan haka ma'aikatar magajin gari ta kwashe dubban mutane daga gidajen da ake tsoron faɗuwarsu. Sai tambaya ta taso: wa zai biya kuɗin gyara?

Dokar Faransa ta daɗe da ba da amsa. In gini ya zama haɗari, magajin gari yana sa hannu a kan takardar umurni, ya ba mai gida wa'adin gyara. Ƴan haya su daina biyan kuɗin haya, kuma in an fitar da su, masaukinsu yana wuyan mai gida. Wanda ya wuce wa'adi ana iya cin sa tara har yuro 1.000 a kowace rana, wato sefa jikka 655 da ɗoriya. In ya ci gaba da taurin kai, ma'aikatar magajin gari ta ɗauko magina ta yi aikin da kuɗinta, sa'an nan ta bi shi bashi.

Tun 2007 wannan bashi ana rubuta shi a kan gidan kansa, cikin rajistar filaye da gidaje. Daga 2022 ya koma jingina ta doka. Ranar da aka sayar da gidan, hukuma tana da hakki cikin kuɗin cinikin. Wanda ya saya bayan an yi rajistar umurnin kuwa, shi ma ana iya bin sa. Saboda haka mai hankali yakan duba rajista kafin ya duba fenti.

Amma doka ba ta tashi da ƙafarta. Gida mai lamba 65, wani masanin gini ya duba shi ranar 18 ga Oktoba 2018, aka bar yawancin mazauna suka koma ɗakunansu. Gida mai lamba 63, wanda ya daɗe a rufe yana lalacewa, mallakar Marseille Habitat ne, kamfanin gidaje na birnin kansa. An yi shari'ar a ƙarshen 2024, kotu ta yanke hukunci a watan Yuli 2025, shekara kusan 7 bayan an binne mamatan.