Daga "Hwa" Zuwa "Fa": Turanci a Bakin Ɗan Zamfara

Duk wanda ya taɓa zama a Gummi, Anka ko Bukkuyum ya san can ba a cika cewa "fata" ba, sai "hwata". Ba "tafi" ba, sai "tahi". Karin harshen yamma ke nan, wanda Zamfara ta yi tarayya da Sakkwato a kansa, kuma babu aibi a ciki.

Wahalar tana soma wa yaro ne ranar da aka kai shi firamare. A gida ya tashi da "hwa", littafin Hausa ya ce "fa", malamin Turanci kuma ya zo masa da sautuka uku rigis: p, f da v. Hausa ba ta raba p da f, v kuwa babu ita sam. Ko "fa" ɗin tamu da leɓɓa biyu ake hura ta, alhali Bature haƙoransa na sama yake ɗorawa a leɓen ƙasa. Shi ya sa "pull" da "full" ke fitowa ɗaya, "very" ta koma "beri".

Sauran sanannu ne. Wasulanmu biyar, gajeru da dogaye, na Turancin Ingila kusan 20. Baƙaƙe a jere sai mun cusa musu wasali, kamar yadda muka samu "burodi" da "sukudireba". Farfesa Munzali Jibril ya yi digirinsa na uku kan furucin Turancin Nijeriya a Jami'ar Lancaster a 1982, saboda haka maganar ba ta yau ba ce.

Abin da ke ba ni takaici shi ne jarrabawar furuci ta WAEC ba da baki ake yin ta ba. Yaro na iya haddace alamomi ya ci, bakinsa bai motsa ba.

Alhali maganin ba ya cin kuɗi. A riƙa wa ɗalibi fallen takarda a gaban baki: in ya furta p daidai, takardar za ta yi tsalle. Ga f, ya ciji leɓen ƙasa a hankali ya hura.

Malamai, don Allah a daina yi wa yara dariya a kan "hwa". A nuna musu inda haƙori ke sauka.