Minsharin Yara da Alamomin Gado: Abin da Bincike Ya Gano da Abin da Ya Shafi Arewacin Kaduna

A yawancin gidajen Ikara da Makarfi da Kudan, kamar sauran ƙasar Hausa, ba a lissafa minsharin yaro cikin cututtuka, sau da yawa ma akan ɗauke shi shaidar cewa yaron ya ƙoshi kuma barci ya yi masa daɗi. A wajen likitoci kuwa minshari ƙara ce da iska ke yi idan tana kutsawa ta hanyar da ta ƙuntata tsakanin hanci da maƙogwaro, kuma ko da yake kusan yaro 1 cikin 10 kan yi shi a kai a kai ba tare da wata babbar illa ba, akwai kashi 1 zuwa 5 cikin 100 na yara waɗanda hanyar kan rufe musu, ko dai gaba ɗaya ko kuma rabi da rabi, sau da dama a dare guda. Wannan larura ita ake kira toshewar numfashi a cikin barci, kuma tun shekarar 1976 da Christian Guilleminault da abokan aikinsa na Jami'ar Stanford a Amurka suka bayyana ta a jikin yara 8, masana ke neman hanya mai sauƙi ta gane yaron da ke da ita, da kuma yaron da za ta fi yi wa ɓarna.

Yadda larurar take

Idan mutum ya yi barci, tsokokin da ke riƙe maƙogwaro a buɗe sukan saki, don haka duk abin da ya riga ya rage faɗin hanyar da rana sai ya ƙara tsananta da dare. A jikin yara, abin da ya fi jawo haka shi ne girman tonsil, wato curin tsoka biyu da ke gefen maƙogwaro dama da hagu, da kuma adinoyid, wanda ke ɓoye a bayan hanci inda ido ba ya kaiwa sai da na'ura. Waɗannan sassa aikinsu tare ƙwayoyin cuta, kuma sun fi girma, idan aka kwatanta da faɗin hanyar iskar, tsakanin shekara 2 zuwa 8, shi ya sa larurar ta fi yawa a wannan tsakani.

Wanda ya tsaya a kan irin wannan yaro da dare zai ga bakinsa a buɗe, wuyansa a banƙare ta baya, zufa na tsatsafo masa ko da cikin hunturu ne, ƙirjinsa yana lotsawa ciki alhali cikinsa na tasowa, sannan minsharin ya ɗauke ɗif na wasu daƙiƙoƙi kafin yaron ya zabura ya ja iska da ƙarfi ya juya. A kowane irin wannan ɗaukewa iskar oksijin da ke cikin jini takan sauka, ƙwaƙwalwa kuma takan tashe shi kaɗan ba tare da ya sani ba. Sakamakon yakan bayyana da rana ta fuskokin da ba a cika danganta su da barci ba: fitsarin kwance bayan an wuce shekarunsa, ciwon kai da safe, ƙiriniya da rashin natsuwa a makarantar boko ko ta allo, da kuma rashin girma, domin sinadarin da ke sa jiki girma ya fi fita ne a cikin barci mai nauyi. A yankin da tamowa ta zama sananniyar matsala, abu ne mai sauƙi a ɗora ramar yaro a kan abinci kaɗai. Idan abin ya yi tsanani kuma ya daɗe, yakan hau kan zuciya da jijiyoyin jinin huhu.

Hanyar da aka fi amincewa da ita wajen tabbatar da larurar ita ce gwajin barci, inda yaro zai kwana a asibiti da wayoyi a kansa da ƙirjinsa da yatsansa, ana auna numfashi da bugun zuciya da motsin ƙwaƙwalwa har gari ya waye. A wajen babba sai an ƙirga toshewa 5 a kowace awa ake cewa akwai matsala, amma a wajen yaro abin da ya wuce 1 ya isa. Gwajin yana da tsada, yana buƙatar ƙwararru da wutar lantarkin da ba ta yankewa, kuma ko a ƙasashe masu arziki akan jira watanni kafin a samu layi. Wannan ƙarancin shi ne ya tura masu bincike neman alamar da za a iya gani a ɗigon jini ko fitsari ko yawu.

Abin da ake nufi da alamar gado

Kusan kowace ƙwayar halittar jikin ɗan Adam tana ɗauke da DNA, wato dogon rubutun da aka gada rabi daga uwa rabi daga uba, wanda ke tsara yadda jiki zai ginu da yadda zai yi aiki. Alamar gado ita ce wani ɗan bambanci a cikin wannan rubutu wanda za a iya aunawa, kuma samuwarsa ke nuna cewa mai shi ya fi wani kusa da wata cuta ko da wata illarta. Binciken iyalai da Susan Redline ta jagoranta a birnin Cleveland na Amurka tun daga 1990 ya nuna cewa toshewar numfashi na bin dangi, cewa gado ke da alhakin kusan kashi ɗaya cikin uku na bambancin tsananinta tsakanin mutane, kuma cewa yara baƙar fata na Amurka sun fi takwarorinsu farare kamuwa. Abin da ake gada a nan ba cutar ba ce kai tsaye, siffofi ne da ke share mata hanya, kamar ƙirar muƙamuƙi da ganda, da saurin yin ƙiba, da yadda garkuwar jiki ke kumbura tsoka, da yadda ƙwaƙwalwa ke amsawa idan oksijin ya ragu.

Akwai larurorin gado da alaƙarsu da toshewar ta fito fili. Yaron da aka haifa da larurar Down, wadda ke faruwa idan an samu kwafi uku na ƙunshin gado mai lamba 21 maimakon biyu, yakan zo da tsoka mai laushi da ƙaramar tsakiyar fuska da harshen da ya cika baki, har rabin irin waɗannan yara ko fiye suna fama da toshewar, abin da ya sa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a yi wa kowannensu gwajin barci kafin ya wuce shekara 4. Haka abin yake ga larurar Prader-Willi da ke da tushe a ƙunshi mai lamba 15, da irin wadancin da sauyi a ƙwayar gado ta FGFR3 ke haifarwa.

Sauran alamomin sun fi waɗannan ɓoyuwa, kuma yawancin aikin da aka yi a kansu a jikin yara ya fito ne daga David Gozal da Leila Kheirandish-Gozal da abokan aikinsu a Amurka. Tambayar da ta dame su ita ce dalilin da zai sa yara biyu su zo da toshewa iri ɗaya, ɗaya karatunsa ya lalace, ɗayan kuma ya tsira. A 2007 sun ba da rahoton cewa nau'in ƙwayar APOE da ake kira e4, wanda aka san shi da ƙara haɗarin cutar mantuwa ta tsufa, ya fi yawa a cikin yaran da toshewar ta taɓa musu fahimta. Daga baya sun danganta wani bambanci a ƙwayar TNF-alfa, mai sarrafa kumburi, da yawan gyangyaɗin rana. A 2009 sun nuna cewa haɗakar wasu sunadarai huɗu a fitsarin safe na iya bambanta mai minshari kawai da mai toshewa. A 2012 kuma suka duba abin da ke saman rubutun gadon, wato ƙananan sinadarai da ke manne wa DNA su rage ko su ƙara aikin ƙwaya ba tare da sun sauya ta ba, kamar yadda wasali ke sauya karatun kalmar ajami alhali baƙaƙenta na nan yadda suke. Suka tarar wannan mannewa ta ƙaru a ƙwayar FOXP3 ga yaran da jininsu ke nuna kumburi mai yawa.

Duk da haka babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya zama gwajin yau da kullum a asibiti, domin an yi binciken ne a kan yara kaɗan, kuma ba duka ba ne wasu cibiyoyi suka maimaita suka samu sakamako iri ɗaya. Ga mutanen Afirka akwai ƙarin dalilin taka-tsantsan, tunda mafi yawan waɗanda aka ɗauki jininsu a manyan binciken gado na duniya asalinsu Turawa ne. Aikin haɗin gwiwa tsakanin Ibadan da birnin Indianapolis na Amurka, wanda aka fara a 1992, ya nuna cewa tasirin e4 a kan cutar mantuwa ya fi rauni a wajen Yarabawan Ibadan fiye da baƙar fatar Amurka, wanda ke nufin alamar da ta yi magana a wata al'umma ba lallai ta faɗi abu ɗaya a wata ba. Cike irin wannan giɓi ne ya sa aka kafa shirin binciken gado na Afirka mai suna H3Africa a 2010.

Alamar da ke hannu

Akwai alamar gado guda da mutanen arewacin Kaduna suka riga suka sani, wadda ake aunawa da kuɗi kaɗan, kuma alaƙarta da numfashin dare ta tabbata: sakamakon gwajin jini na AA ko AS ko SS. Sikila, wadda ake kira amosanin jini, tana samuwa ne daga sauyin harafi guda a ƙwayar HBB da ke ƙunshi mai lamba 11, kuma Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, inda ake haifar jarirai kimanin 150,000 da ita a shekara, kusan mutum 1 cikin 4 kuma na ɗauke da AS. Wani bincike da aka buga a 2014 kan yara masu sikila a Amurka da Ingila ya tarar kimanin kashi 40 cikin 100 nasu suna da toshewar numfashi a ma'aunin yara. Masana na ganin girman tonsil da adinoyid a wajensu na da nasaba da yawan kamuwa da cututtuka da kuma mutuwar saifa tun suna ƙanana.

Haɗarin a wajensu ya ninka, domin raguwar oksijin ita ce ainihin abin da ke sa jajayen ƙwayoyin jininsu su lanƙwashe su toshe ƙananan jijiyoyi. A 2001 Fenella Kirkham da abokan aikinta a Landan suka nuna cewa masu sikilar da oksijin ɗinsu ke sauka da dare sun fi fuskantar shanyewar ɓarin jiki da farfaɗiya. Yankin nan ba baƙo ba ne ga yaƙi da wannan shanyewa, tunda a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala Muhammad a Kano da Asibitin Barau Dikko a Kaduna aka gudanar da gwajin da ya nuna amfanin maganin hydroxyurea ga yaran da na'urar duba gudun jini a kai ta nuna suna cikin haɗari. Saka tambayar minshari cikin abin da ake yi wa kowane mai sikila a ranar asibiti ba ya buƙatar wata sabuwar na'ura.

Abin da ya rage ga iyaye da ma'aikatan lafiya

Gado ba ya aiki shi kaɗai. Ƙurar hunturu, da hayaƙin itace a ɗakin da ake girki kuma ake kwana, da hayaƙin taba, da na wuraren dafa rake don yin mazarƙwaila da yankin Kudan da Makarfi ya shahara da su, duk suna iya kumbura hanci su ƙara ƙuntata hanyar da dama ƙarama ce, kuma nisanta yaro da su abu ne da ke cikin ikon gida.

Wajibi ne kuma a raba wannan larura da beli. Cire beli da wanzamai ke yi ba ya taɓa tonsil ko adinoyid, don haka ba ya buɗe hanyar da ta toshe, alhali yana iya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, abin da ya fi muni ga yaron da dama jininsa bai cika ba. Abin da ya dace shi ne, idan yaro na minshari dare uku ko fiye a mako ba tare da mura ba, ko ana ganin numfashinsa na ɗaukewa, a ɗauki bidiyon barcinsa na minti biyu da waya, ƙirjinsa a buɗe, a nuna wa ma'aikacin lafiya a asibitin Ikara ko Makarfi ko Hunkuyi, wanda zai iya tura shi sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Inda gwajin barci bai samu ba, na'urar auna oksijin da ake maƙala wa yatsa tsawon dare tana taimakawa, sai dai sakamako mai kyau daga gare ta ba ya wanke yaro daga larurar.

Magani yana nan, kuma an auna ingancinsa. A gwajin da aka buga a 2013 kan yara 464 masu shekara 5 zuwa 9 a Amurka, kashi 79 cikin 100 na waɗanda aka cire wa tonsil da adinoyid sun koma daidai bayan wata 7, haka ma kashi 46 na waɗanda aka sa wa ido kawai, wanda ke nuna ba kowane yaro ke buƙatar tiyata ba. Masu sauƙin larura sukan amfana da maganin feshin hanci, mai sikila kuma sai an yi masa shiri na musamman, wani lokaci har da ƙarin jini, kafin a shiga da shi ɗakin tiyata. Tantance wanda za a yi wa aiki da wanda za a jira shi ne babban abin da ake fatan alamomin gado su taimaka a kai nan gaba, kuma hakan zai amfani yaran wannan yanki ne kawai idan jami'o'in Zariya da Kano da Kaduna suka auna alamomin a jikin yaran nan ɗin. Kafin lokacin, yaro mai SS, da mai larurar Down, da wanda iyayensa ko yayyensa suka yi fama da toshewar, su ne ya kamata a fara tambayar yadda suke kwana.