Kasuwancin kifin ado: lalacewar ruwa ce ke jawo yawan asara

Legas — Kasuwancin kifin ado, wato ƙananan kifaye masu launi da ake ajiyewa cikin akwatunan gilashi a otal-otal, ofisoshi da gidaje, ya daɗe yana samar wa Nijeriya kuɗin ƙasashen waje. Daga kogunan kudancin ƙasar nan ake kamo irin su kifi mai hancin giwa, ɗan uwan miligi, da kifi mai kama da malam-buɗe-littafi, ana kai su Turai da Amurka ta filin jirgin saman Murtala Muhammed. Sai dai haja ce mai rai, kuma abin da ya fi kashe ta a hannun dillali shi ne ruwan da take ciki. Cututtuka kan biyo baya ne, bayan ruwan ya riga ya raunana kifin.

Kifin da ya shiga ƙunci yakan nuna alamu tun kafin ya mutu. Za a ga ya taso saman ruwa yana haki, ya naɗe fukafukansa a jiki, launinsa ya dusashe, ya ƙi abinci, ko ya riƙa goga jikinsa da duwatsu. Idan kifi ɗaya ne ya canza, ana iya zargin rauni ko cin zalin 'yan uwansa. Amma idan kifaye da yawa, masu iri daban-daban, suka nuna alama guda a lokaci guda, to ruwan ne abin tuhuma, ko da kuwa ya yi garau a ido.

Dalilin haka kuwa shi ne, kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta kunnuwansa da yake numfashi da su, kuma ragowar abinci da kashi suna ƙara yawansa idan sun ruɓe. A cikin akwatin da ya daɗe yana aiki, akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a matatar ruwa, waɗanda ke mayar da amoniya zuwa naitarait, sa'an nan su mayar da naitarait zuwa naitaret. Na farko da na biyu guba ne: amoniya tana ƙona kunnuwan kifi, naitarait kuma yana hana jininsa ɗaukar iskar oksijin. Na ukun ba shi da haɗari sosai sai ya taru. Waɗannan ƙwayoyi kan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu a sabon akwati, shi ya sa wanda ya sayi akwati yau ya cika shi da kifi gobe yakan yi asara tun a makonnin farko.

Saboda haka matakin farko shi ne gwaji, ba sayen magani ba. Kayan gwajin ruwa da ake sayarwa a shagunan kifi suna nuna adadin kowane sinadari cikin 'yan mintoci. Ana so amoniya da naitarait su tsaya a 0, naitaret kada ya wuce miligiram 40 a kowace lita, ma'aunin pH ya kasance tsakanin 6.5 da 7.5 ga yawancin kifayen ruwan daɗi, zafin ruwa kuma tsakanin digiri 24 da 28. Ya kamata a lura cewa dafin amoniya yana ƙaruwa idan ruwa ya yi zafi ko ma'aunin pH ya hau.

Idan gwaji ya nuna guba, sai a kwashe kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na ruwan a zuba sabo mai zafi daidai da na ciki, a dakatar da ba da abinci kwana 1 ko 2, a ƙara kunna injin hura iska, a kuma maimaita canjin kullum har adadin ya sauka. Ba a zubar da ruwan duka a lokaci ɗaya, domin canjin farat ɗaya shi ma wahala ne ga kifi. Haka nan ba a wanke soson matata da ruwan famfo, sai da ruwan da aka ɗebo daga akwatin, don kada a kashe ƙwayoyin da ke yin aikin. Zuba magani cikin gurɓataccen ruwa kan ƙara dagula al'amari, musamman ga kifi mai hancin giwa, wanda ba ya jure magunguna masu sinadarin tagulla.

Akwai kuma matsalolin da suka shafi yanayin ƙasar nan. Ruwan famfo na iya zuwa da kulorin, wanda sai an kashe shi da maganin cire kulorin kafin a zuba wa kifi. Ruwan rijiyar burtsatse sau da yawa ba shi da isasshiyar iska, don haka a hura masa iska kwana guda tukuna. Ɗaukewar wutar lantarki tana tsayar da matata da injin iska, idan kuma ta ɗauki sa'o'i masu yawa ƙwayoyin sukan fara mutuwa. Ƙaramin injin iska mai batir yana da arha ƙwarai idan aka kwatanta da darajar kifin da zai ceto. A lokacin hunturu kuwa, sanyin dare kan sauke zafin ruwa, abin da ke buɗe ƙofa ga cutar fararen ɗigo a jikin kifi.

Ga masu fitar da kifi waje, ƙa'idar ita ce a hana shi abinci kwana 1 zuwa 2 kafin a ɗaure shi cikin leda mai kashi ɗaya bisa uku ruwa, saura kuma oksijin, domin rage amoniya a hanya. Masu neman ƙarin bayani na iya tuntuɓar Cibiyar Binciken Kifayen Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa a Jihar Neja, ko Cibiyar Binciken Teku da ke Victoria Island a Legas. Ga sauran 'yan kasuwa, canza kashi 25 cikin 100 na ruwa kowane mako, tare da rubuta sakamakon gwaji a littafi, shi ne inshora mafi sauƙin kuɗi da wannan jari zai samu.