Buhun Da Ke Yaƙi Da Ruɓa

Tun zamanin fataken Gwanja, Bahaushe ya san darajar ƙunshi. A kan jera goro cikin ganye, a ɗaure huhu, a riƙa yayyafa masa ruwa har ya iso Kano bai bushe ba. Yanzu masana kimiyya sun ƙara wa ƙunshi wani aiki, watau ya yi yaƙi da abin da ke ɓata kayan da ke cikinsa.

Abokan gābar kuwa uku ne: ƙwari, da fumfuna, da waɗansu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai waɗanda ba su ganuwa sai da madubin likita. Ɓarnarsu ba kaɗan ba ce. A 2011 Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kusan sulusin abincin duniya asararsa a ke yi.

Hanya biyu a ke bi. Ta fari, a gauraya magani cikin ledar kanta. A Japan a kan sa sinadarin azurfa, domin azurfa tana hana ƙwayoyin nan hayayyafa. Amma irin wannan leda tana da tsada, hukumomi kuma sai sun tabbata maganin ba zai cuci mai ci ba.

Hanya ta biyu ita ce a hana su iska. A nan ne ƙasar Hausa ta shigo. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka sun ƙago wani buhu mai riɓi uku, a na ce da shi PICS: leda biyu masu kauri a ciki, saƙaƙƙen buhu a waje. A 2007 aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma. Masanan cibiyar INRAN ta Maraɗi sun gwada shi, wata masana'anta a Kano kuma ta shiga yin sa. In an zuba wake aka ɗaure bakin kowane riɓi tam, ƙwarin da ke ciki su kan shanye iskar, sa'an nan su daina ci, su mutu. Fumfuna ma ba ta yaɗuwa sosai, muddin waken ya bushe sarai kafin a zuba.

To, ina makomar cinikinsa? Abu biyu ke tura shi gaba. Na ɗaya, manomin da ya ajiye wake ya kan sami kuɗi fiye da wanda ya sayar da kaka. Na biyu, tsoron guba: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa.

Sai dai buhun ya fi na gama-gari tsada, ɓera kuwa in ya huda shi, aiki ya ɓaci. Saboda haka ciniki zai bunƙasa ne gwargwadon yadda buhun ya kai kasuwannin ƙauye, manomi kuma ya ga da idonsa kuɗin buhu bai kai asarar wake ba.