Mai kula da maguna da ke tona asirin masu kisa: littattafan binciken da ba sa hana barci

Siesta Key ɗan tsibiri ne a gaɓar jihar Florida ta Amurka, daura da birnin Sarasota. An san shi da farin rairayi da gidajen masu hannu da shuni, waɗanda suke zuwa shan rana idan sanyi ya matsa a arewacin ƙasar. A nan ne marubuciya Blaize Clement ta zaunar da tauraruwar littattafanta, Dixie Hemingway, wadda sana'arta ita ce shiga gidajen mutane tun kafin asuba idan sun yi tafiya, ta ba maguna abinci, ta fita da karnuka su miƙe ƙafa, ta share inda suka ɓata. A littafin farko, Curiosity Killed the Cat Sitter, wanda ya fito a 2006, Dixie ta buɗe wani gida don duba magen gidan, sai ta tarar da gawar wani mutum a kife, fuskarsa cikin kwanon da magen take shan ruwa. Daga nan labari ya tashi.

Irin waɗannan littattafai Turawan Ingila da Amurka suna ce musu "cosy mystery", kuma masu sayar da littattafai a Faransa sun ari sunan yadda yake. Da Hausa sai a ce labarin binciken kisa mai sanyi, wanda mutum zai karanta a kishingiɗe yana kurɓar shayi. Akwai gawa, amma ba a tsayawa bayyana jini ko azabar da aka yi wa mamacin. Babu batsa, babu ashar. Mai binciken ba ɗan sanda ba ne, ba jandarma ba. Galibi mace ce mai wata ƙaramar sana'a, mai gidan burodi, ko mai shagon littattafai, ko mai kula da dabbobi. Mai laifin kuwa ba baƙo ba ne, yana cikin waɗanda ake gaisawa da su kullum. Taron Malice Domestic, wanda ake yi kowace shekara a kusa da Washington tun 1989, yana ba da kyautar Agatha ga littattafan da suka bi wannan ƙa'ida. Abin da ake miƙa wa wanda ya ci butar shayi ce.

Sunan kyautar na Agatha Christie ne, wadda aka haifa a 1890 a Torquay, wani garin bakin teku a kudu maso yammacin Ingila, ta rasu a 1976. Tsohuwarta Miss Marple, wadda littafi na farko a kanta ya fito a 1930, ba ta da makami sai saƙa da saurare. Duk wanda ta gani sai ta kwatanta shi da wani da ta sani a ƙauyensu St Mary Mead, mahauci ko ƴar aiki, daga nan ta gane abin da zai iya aikatawa. Waɗanda suka yi lakwal a Nijar ba za su rasa sanin littattafan Christie masu ruwan ɗorawan bango ba, na jerin Le Masque da Albert Pigasse ya kafa a Paris a 1927, waɗanda har yau ake cin karo da su wurin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa.

Gari ƙarami, gawawwaki da yawa

Ba banza ba marubuta suke son garin bakin teku. Ruwa ya tare gefe ɗaya, hanyar shiga ɗaya ce ko biyu, mazauna sun san juna ciki da bai, don haka waɗanda za a zarga ba su da yawa. Amma kowace shekara baƙi masu yawon shaƙatawa suna shigowa da kuɗinsu da rigimarsu, sai marubuci ya samu sabuwar gawa ba tare da ya ƙarar da ƴan gari ba. Ga kuma tsohon rikicin da ba ya ƙarewa tsakanin masu manyan gidajen gaɓa da waɗanda suke yi musu aiki.

Wanda ya fi shahara cikin waɗannan garuruwa shi ne Cabot Cove, garin da aka ƙirƙira a jihar Maine domin shirin talabijin na Murder, She Wrote, wanda masu kallon tashoshin Faransanci suka sani da suna Arabesque. Tashar CBS ta nuna shi daga 1984 zuwa 1996, kashi 264, inda Angela Lansbury ta fito a matsayin Jessica Fletcher, tsohuwar malamar makaranta mai rubuta littattafai, wadda duk inda ta sa ƙafa sai an tsinci gawa. A 2012 wani shirin lissafi na gidan rediyon BBC ya zauna ya ƙirga: garin mai mutane 3,560 yana ganin kisa kusan biyar a shekara, wato idan aka auna da yawan jama'a ya zarce Honduras, ƙasar da take kan gaba a duniya wajen kisan kai a lokacin. Da a Maraɗi ko Damagaram ne, da tuni unguwa ta daina gayyatar Jessica biki da suna.

Mai riƙe da mabuɗi

Babbar wahalar marubucin irin wannan labari ita ce ya samo dalilin da zai sa mutumin da ba hukuma ba ya riƙa shiga inda aka yi kisa, littafi bayan littafi. Mai kula da dabbobi ta warware wannan cikin sauƙi. Mabuɗan gidaje suna hannunta, ta san lambobin ƙararrawar tsaro, ta san wanda ya yi tafiya da ranar dawowarsa. Tana ganin wasiƙun da suka taru a bakin ƙofa, da maganin da ke kan tebur, da motar da ta kwana inda bai kamata ba. Kuma ba wanda yake kallonta. Mai kuɗi ba ya ɓoye wa mai kwashe kashin magensa komai, domin bai ɗauke ta a bakin mutum ba. A ganina nan ne daɗin waɗannan littattafai yake, fiye da wasan gano mai laifi. Duk ɗan ci-ranin da ya taɓa yin gadi ko shara a gidan wani a Kwatano ko Abijan ko New York ya san yawan abin da ido yake gani idan masu gida sun manta kana wurin.

Sana'ar kanta gaskiya ce, kuma akwai kuɗi a ciki. A 1994 Patti Moran ta kafa ƙungiyar Pet Sitters International a garin King na jihar North Carolina, ba nisa da Greensboro inda ƴan Nijar da yawa suke zaune. Manhajar Rover, wadda take haɗa masu dabbobi da masu kula da su, an buɗe ta a Seattle a 2011, kamfanin Blackstone ya saye ta a kan dala miliyar 2.3 a cinikin da aka sanar a ƙarshen 2023. A wannan shekarar Amurkawa sun kashe kusan dala miliyar 147 a kan dabbobin gida, a cewar ƙungiyar masu sana'ar kayan dabbobi ta ƙasar. Duk arzikin da Nijar ta samar a shekarar bai kai dala miliyar 20 ba. Mai karatu da ya taso inda kare na gadi ne ko na farauta, mage kuma tana neman ɓerayenta da kanta, sai ya riƙe wannan a ransa kafin ya gane dalilin da zai sa a ɗauki mace aiki ta je ta yi wa mage hira.

Dabbobin ma suna da rawar da suke takawa. Lilian Jackson Braun ta fara jerinta a 1966 da ɗan jarida Jim Qwilleran da muzurunsa Koko, wanda yake ture littafi daga kanta ko ya yagi wata takarda, sai daga baya a gane shaida yake nunawa. Bayan littattafai uku ta yi shiru shekara 18, ta dawo a 1986, ta kai jerin littafi 29. Rita Mae Brown kuwa tun 1990 take sa sunan magenta Sneaky Pie Brown a bango a matsayin abokiyar rubutu. Akwai dokar da ba a rubuta ba amma kowane marubuci ya san ta: kashe mutum nawa ka ga dama, kada ka taɓa dabbar. Har shafin intanet gare su, Does the Dog Die, inda ake dubawa ko kare ya mutu a fim ko littafi kafin a fara.

Sanyin ba duka ba ne

Littattafan Clement sun ɗan kauce wa layi. Dixie tsohuwar jami'ar tsaro ce a gundumar Sarasota, ta bar aiki bayan wani tsoho ya take mijinta da ƴarsu mai shekara uku da mota a wurin ajiye motoci. Ta koma hidimar dabbobi ne saboda ba ta iya jure mutane. Clement ta yi aikin kula da masu damuwar ƙwaƙwalwa kafin ta shiga rubutun labari, kuma ana ganin haka a yadda baƙin cikin Dixie ba ya warkewa a littafi ɗaya. Marubuciyar ta rasu a watan Yulin 2011, ɗanta John Clement ya ci gaba da jerin, inda ya fitar da The Cat Sitter's Cradle a 2013.

Masu suka ba su taɓa raga wa wannan salo ba. Tun 1944 marubucin Amurka Raymond Chandler ya caccaki labaran binciken Ingila, yana ganin sun mai da kisa wasan dara na ƴan falo, sun raba shi da titi inda ake yin sa da gaske. Yana da gaskiya ta wani ɓangare. A yawancin littattafan nan wanda aka kashe mugu ne da ba mai kukan sa, ba a ganin marayu, ba a zaman makoki, kuma kafin shafi na ƙarshe an kama mai laifi ya amsa da bakinsa. Wanda ya san yadda shari'ar kisa take jan ƙafa, ko yadda iyalai suke shekaru ba su san wanda ya kashe musu ɗa ba, zai ga abin kamar tatsuniya. Sai dai masu karatun sun sani. Abin da suke saye shi ne garin da gaskiya take fitowa cikin shafi ɗari uku, kuma wadda aka raina ce take fito da ita.

Sukar da ta fi nauyi ita ce shekaru da dama garuruwan nan kusan farar fata ne zalla. Wannan ya fara canzawa. Kellye Garrett, baƙar fata, ta ci kyautar Agatha ta littafin farko da Hollywood Homicide na 2017, sannan ita da Walter Mosley da Gigi Pandian suka kafa ƙungiyar Crime Writers of Color a 2018. Mia P. Manansala, ƴar asalin Filifin, ta ci irin wannan kyauta da Arsenic and Adobo na 2021, labarin gidan abincin dangi da wani ɗan kare mai gajerun ƙafafu.

Kasuwa kuwa ta buɗe sosai tun lokacin korona. The Thursday Murder Club na Richard Osman, wanda ya fito a watan Satumban 2020, labarin tsofaffi huɗu a gidan masu ritaya, ya sayar da sama da kwafi miliyan ɗaya a Birtaniya, Netflix kuma ta mai da shi fim a 2025. A Faransa kamfanin Albin Michel ya fara fitar da fassarar Agatha Raisin ta M.C. Beaton a 2016, shekara 24 bayan fitowar na farko da Ingilishi, aka yi ta rububi. Amma salon da ƙa'idojinsa suke a fili haka yana da sauƙin kwaikwayo, har ga na'ura. A watan Satumban 2023, da littattafan da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suke rubutawa suka fara cika kasuwa, Amazon ta ƙayyade wa masu wallafa da kansu yawan sababbin littattafan da za su iya ɗorawa a shafinta: uku a rana.